Yadda na haɗa sola da batir a gidana a Yamai, har rarar rana ta kai ni ga sayen moto mai caji

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun da mutanen fadarmu suka fara ganina bisa moton nan da ba ta ƙara tambayoyi ba su ƙare ba, wani ya ce ina kake cajinta alhali kuran ɗin garin ba ya zama, wani ya ce ba ta tsaya maka a hanya, wani kuma batun batir ɗin gida yake son ji. To bari in rubuta komi yadda na bi shi, daga farko har inda nake yanzu, wanda yake da niyya ya samu abin kamawa.

Ni mutumin Tawa ne amma zamana Yamai, wajen Banifandu, ina da ɗan shagon fotokofi da buga takardu kusa da Wadata. A gida akwai uwargida da yara da Inna mahaifiyata wadda shekaru suka ja kuma tana fama da hawan jini. Uwargida sana'arta ƙanƙara da lemun zoɓo da na tsamiya, wato firigo shi ne jarinta, in kuran ya tafi ya daɗe to jarin ne ke narkewa.

Kowa ya san abin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka CEDEAO ta sa muna takunkumi, farkon Agusta Najeriya ta yanke wutar da take turowa, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na kuran ɗin da NIGELEC, kamfanin wutar ƙasarmu, ke rabawa a lokacin daga can yake zuwa, namu na Yamai ta layin Birnin Kebbi yake shigowa. Sai injunan gazuwal na Goru Banda da tashar sola mai megawat 30 da aka gina a can suka zama abin dogaro, ana raba wuta unguwa-unguwa. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024 wuta ta dawo, amma ni a wancan lokacin na riga na yanke shawara cewa ba zan sake shiga watan Afrilu da Inna a ɗaki babu fanka ba. Ina da ƙaramin grup, sai dai isans yake sha kamar mi, ga ƙara ga hayaƙi, kuma ba za ka kunna shi tun isha'i har asuba ba ka hana maƙwabta barci. Na sayar da shi, na haɗa da kuɗin adashe da na tumaki da nake da su a gida Tawa.

Abu na farko ba kasuwa ba ne, lissafi ne. Wani abokina ya haɗa ni da wani yaro teknisiyan da ya yi karatun lantarki, da ya zo gidan bai ko kalli rufi ba sai ya ce "Babban yaya, ba ni takarda da biro, mu zagaya ɗaki-ɗaki." Duk abin da ake jonawa sai ya juya bayansa ya karanta wat ɗinsa ya rubuta, sannan ya tambaye ni awa nawa yake yi a kunne, musamman daga magariba zuwa safe. Fankar sama 3, kowace wajen wat 70, in suka yi awa 10 ya kama kilowat 2 da ɗan wani abu (kilowat 1 a irin wanga lissafi shi ne cin wat 1000 na awa ɗaya). Ƙwayaye 8 masu wat 10, awa 5, bai kai rabin kilowat ba. Tele da dekoda da cajin wayoyi su ma haka. Firigon ƙanƙara ba kullum injinsa ke tafiya ba, yana tashi yana tsayawa, ya sa masa kusan kilowat 1 na dare. Jimilla dare guda muna cin kusan kilowat 4. Na ce masa to kilim fa, ko a ɗakin Inna kaɗai? Ya ce "Babban yaya kilim mai doki ɗaya yana jan kusan wat 1000, in ya kwana a kunne shi kaɗai ya fi duk gidan ci, sai dai in za ka ninka batir. Saya mata na'urar sanyaya iska mai ruwa, a zafin Yamai da babu laima tana aiki sosai kuma ba ta ci da yawa." Haka aka yi kuwa.

Wanga lissafi shi ne ya gaya muna girman batir, batir kuma shi ya gaya muna yawan fano, wato allunan sola da ake ɗorawa bisa rufi. Na ga mutane da yawa suna farawa ta baya, su je su sayo fano don sun ga araha sannan su zo suna neman abin da za su haɗa da shi.

Batun batir mun daɗe muna ja. A kasuwa za ka samu na dalma, wanda ake ce ma jel, mai bolt 12 amfa 200, in ka jera 4 ka samu bolt 48, a takarda kilowat 9 da rabi kenan kuma kuɗinsa na farko ya fi sauƙi. Amma irin wannan ba a son ka sauke shi ƙasa da rabi, in kana yi kullum to ba zai daɗe ba, kuma zafi shi ne babban abokin gabansa, mu kuwa Afrilu da Mayu sama da digiri 40 muke yini. Maƙwabcina Alhaji ya canza nasa ba sau ɗaya ba. Ɗayan kuma shi ne litiyom, irin wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa, bolt 51.2 amfa 100, wato kilowat 5.12, kana iya cin kashi 80 zuwa 90 ba tare da ka cuce shi ba, kuma yana da ɗan allon lantarki a ciki mai tsaronsa, in ya yi zafi ko an ja fiye da ƙima sai ya yanke da kansa. Kuɗinsa ne ke sa mutum ya yi shiru, don a wajena shi kaɗai ya kusa kamo kuɗin fano da onduler, akwatin da ke juya wutar fano da ta batir ta zama irin ta gida, in an haɗa. Uwargida ce ta raba gardamar, ta ce "Malam, in dai na dalmar za mu riƙa saye muna zubarwa gara mu ci bashin adashe sau ɗaya mu huta." Na bi maganarta.

Mun zagaya Katako da Babbar Kasuwa da wasu shaguna na cikin gari, kuma a nan ina roƙon duk mai niyya kada ya je shi kaɗai. Akwai fano da za ka ga an manna masa takarda mai cewa wat 500 alhali girmansa bai kai ba, akwai tsofaffi da aka wanke, akwai batir da aka rubuta amfa 200 amma in ka ɗaga shi nauyinsa ma ya gaya maka ƙarya ne. Yaron nan da ƴar na'urarsa ta awo yake tafiya a aljihu, kowane fano sai ya fitar da shi rana ya auna bolt da amfa kafin mu yi ciniki, wani mai shago ya ƙi yarda a auna, muka yi masa sallama muka wuce. A ƙarshe mun ɗauki fano 6 masu wat 550, jimilla kilowat 3.3, da onduler mai kVA 5 wanda yake karɓar rana da kuran ɗin gari da batir duka, da batir ɗin guda. Onduler ɗin ya fi ƙarfin buƙatarmu amma dalili shi ne injin firigo lokacin da zai tashi yana fizgar ninki 3 ko fiye na abin da yake ci in yana tafiya. Na nace a rubuta mini garanti bisa takarda da lambar jikin batir da hatimin shago, baki da baki ba ya aiki a irin wannan kaya.

Aikin haɗi kansa bai ɗauki lokaci ba. Mai walda ya yi ƙarafa, aka ɗaga fano sama da kwano kamar taƙi biyu don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa, saboda fano in ya yi zafi ƙarfinsa raguwa yake, wat ɗin da aka rubuta a jikinsa a digiri 25 aka auna, kowane digiri da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100, bisa kwanon Yamai da rana tsaka kuwa gilashin yana wuce digiri 60. Aka karkata su kaɗan suna kallon kudu, aka ɗaure da kusoshi masu kyau saboda iskar farkon damina da ke ɗauke rufi. Aka kafa sandar ƙarfe a ƙasa aka ja mata waya, aka sa dijonkta mai yanke wuta in ta yi yawa tsakanin fano da onduler, da fis tsakanin batir da onduler, da abin kare tsawa. Aka raba wayoyin gida biyu, dutsen guga da hita suna nan kan kuran ɗin gari kawai, sauran suna bi ta onduler. Batir kuwa ba a sa shi a kicin ko a baranda ba, ɗan ɗakin ajiya da ke gefen arewa wanda rana ba ta dukansa muka share, aka buɗe masa taga sama.

Inda na fi son ku tsaya ku karanta da kyau shi ne saiti. Bayan an gama haɗi yaron ya jawo kujera gaban onduler yana danna maɓallai, na ce ai an gama ko, ya ce "Yanzu ma aka fara, babban yaya. Wannan akwatin zai iya zama alheri ga unguwarku, zai iya zama nauyi a kanta, ya danganta da abin da muka gaya masa." Ya nuna mini wuri biyu. Na farko shi ne daga ina gida zai fara shan wuta. Akwai saitin da ke cewa a fara da kuran ɗin gari, batir ya zauna jiran ko-ta-kwana. Akwai wanda aka rubuta SBU, ma'ana a fara da rana, in babu a koma batir, sai batir ya sauka ƙasa sannan a taɓa kuran ɗin gari. Na biyu shi ne wa zai cika batir, rana kaɗai, ko rana da kuran tare, da kuma amfa nawa aka yarda ya ja daga gari.

Ya ce in duba abin da ke faruwa a unguwa in an dawo da wuta bayan ta yi awanni ba ta nan. Duk firigo ya huce sai ya tashi lokaci guda, duk fanka da kilim an bar su a kunne, sannan yanzu ga sabon abu, gidaje masu batir waɗanda ba su da fano ko suna da shi amma an saita musu su cika daga gari, kowane onduler ya kama jan wat 1500 ko 2000 don ya cika batir ɗinsa cikin gaggawa. Duk a kan taransifoma ɗaya. Shi ya sa kake ganin wuta ta dawo da rauni, ƙwai ya yi ja, minti kaɗan ta sake tafiya. Kuma lokacin da kamfanin wuta ya fi shan wuya a zafi shi ne daga magariba zuwa tsakar dare, kowa ya dawo gida, tashar solar Goru Banda ta yi barci tunda rana ta faɗi, sai a tada injunan gazuwal masu tsada. In a daidai wannan lokaci gidana yana kan batir ɗin da rana ta cika, to na sauka daga kan layi kenan, kilowat 4 ɗin da zan ci ya rage ma wanda ba shi da halin sayen batir, mai shago ne ko mai jego ko ɗan lakwal mai karatu.

Wallahi maganar nan ta shige ni, don ni da kaina kawai nake tunani, in samu fanka ta juya, ban taɓa kawo ma raina cewa saitin akwati a ɗakin ajiyata yana taɓa gidan da ke bayan namu ba. Muka sa SBU, muka sa rana ce kaɗai ke cika batir, kuma ya saita cewa in batir ya sauka zuwa kashi 30 gida ya koma kuran ɗin gari in akwai, don a bar ɗan abin da za a riƙe fanka in aka yanke da asuba. A watan Agusta da hadari ke rufe rana nakan buɗe cajin gari amma a amfa 10 kawai, ja kaɗan-kaɗan.

A wasu ƙasashe abin ya wuce haka nesa. A kudancin Ostareliya tun 2018 gwamnatin jihar da kamfanin Tesla suka fara haɗa batir ɗin gidaje dubbai ta intanet suna aiki kamar tashar wuta guda, in layi ya yi nauyi sai kowane gida ya tura kaɗan daga abin da ya ajiye, kuma mai gida yana samun sauƙin kuɗin wuta. A jihar Bamont ta Amurka ma kamfanin wutarsu yana yin irin haka da batir ɗin gidaje. Amma wannan yana buƙatar onduler na musamman wanda zai iya mayar da wuta kan layi kuma ya yanke nan take in layin ya mutu, don kada ya kashe ma'aikacin da ya hau fal yana gyara, sannan da kontar da ke ƙirga shiga da fita daban. Nawa onduler ba ya mayarwa, kontar gidana ma shiga kawai take ƙirgawa, har yaron ya gargaɗe ni cewa akwai kontocin da in ka tura musu wuta baya sai su ƙirga maka ita kamar ka sha. Don Allah kada kowa ya yi dabarar tura wuta kan layi da kansa, rai ne a ciki. Taimakon da ke hannunmu yanzu shi ne mu sauka daga layi a lokacin da ya fi nauyi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne in gidajen sun yi yawa.

Da muka fara amfani sai na lura da wani abu a allon onduler. Da hantsi fano na ba da wat 2000 da wani abu, yana ciyar da gida yana cika batir, amma kafin azahar batir ya cika, sai in ga lambar ta faɗo zuwa wat 400 ko 500 alhali rana tana tsakiyar kai. Na kira yaron na ce ko wani abu ya lalace, ya ce lafiya lau, randa ce ta cika, onduler yana ɗibar abin da gida ke buƙata kawai sauran ya bar shi a sama. Fano kilowat 3.3 a ranar Yamai zai iya ba da kilowat 13 zuwa 15 a yini, mu kuwa tsakanin cin rana da cika batir ba mu wuce 9 ko 10. Wato kullum akwai wajen kilowat 4 da na riga na biya kuɗinsu amma ba na ɗauka. Abin ya riƙa damuna. Muka mayar da guga da rana, uwargida ta riƙa zuba sabon ruwan ƙanƙara da hantsi maimakon dare don firigo ya yi aikinsa mai nauyi kan rana, duk da haka akwai saura. A nan ne tunanin moto ya shigo.

Da farko tsoro nake, don waɗanda na fara gani a gari ƙanana ne masu batir ɗin dalma, irin na zuwa cefane, ba su da ƙarfin hawa kuma batir ɗinsu bai daɗewa. Na riƙa bincike har na samu mai shigo da masu litiyom daga Sin. Tambayoyin da na yi masa su ne bolt nawa amfa nawa, wane irin litiyom ne, ana iya ciro batir ɗin, kuma in kwantirola ko caja ta mutu akwai wata a shagonsa ko sai an jira jirgi. Wadda na ɗauka bolt 72 ce amfa 40, kusan kilowat 2.9. Mai shagon ya ce kilomita 100 take yi, ni abin da nake gani a hanyoyinmu da nauyina da ɗaukar yaro a baya shi ne 65 zuwa 75, kuma in kana murɗa ta har ƙarshe bai kai haka ba. Kafin in biya sai da na hau ta na tsallaka gadar Kennedy zuwa Harobanda na dawo don in ga yadda take yi a hawa. Takardu kuwa irin na kowace moto ne, na duwan da kart giriz da asirans, ka tabbata mai sayarwa ya ba ka na duwan cikakke da lambar shasi daidai, kuma ka sayi kask.

Sai kuma wata matsala da ya kamata mai niyya ya yi tunaninta tun kafin ya saya, rarar rana tana gida, moto kuma da rana tana wajen aiki. In ka dawo da dare ka jona ta to batir ɗin gida za ta zuƙe, kilowat 2.9 daga cikin 5, fanka ta tsaya ƙarfe 2 na dare, ko kuma ka jona ta a kuran ɗin gari daidai lokacin da muka ce a sauka daga layi. Ni abin da ya cece ni shi ne dama ina rufe shago bayan azahar in dawo gida cin abinci sai la'asar in koma. Yawona na yini, shago da kai yara lakwal da ɗan zagaye, bai cika wuce kilomita 30 ko 35 ba, wato rabin batir. Cajar tana jan wajen wat 800, rabin batir awa 2 ya ishe shi. In na iso sai in kafe ta a inuwa, ba na jonawa nan take, ina barin batir ya huce kamar rabin awa don litiyom ba ya son a cika shi yana da zafi, in yi alwala in ci abinci sannan in jona. Juma'a da Lahadi take samun cika sosai. Yanzu in na duba allon onduler da azahar lambar ba ta faɗuwa kamar da.

Ga lissafin mai. Tsohuwar motona tana shan kamar lita 2 da rabi a kilomita 100, isans kuwa ko bayan ragin da aka yi a Yuli 2024 zuwa sefa 499 lita, in ka haɗa na wata da bidanj da buji da sarƙa kuɗi ne masu kauri ga mai ƙaramin shago. Wannan kuwa kilomita 100 wajen kilowat 4 ne, kuma daga rarar da da ma zubewa take. Babu bidanj, babu buji, babu karbirata, injin yana cikin ƙafar baya. A watan Maris 2025 da aka yi ƙarancin isans, layin motoci da na moto ya cika gidajen mai duk da muna da matatar SORAZ a Damagaram, ni ina zuwa shago ina dawowa, har nakan ɗauki maƙwabcina malamin lakwal in sauke shi a hanya. Inna da ta ƙi hawa da farko, tana cewa "wanga abu da ba ya kuka ƙaƙa mutane za su san yana tahe", yanzu ita ke cewa a kai ta likita da shi don ba ya jijjiga ta. Kuma maganarta gaskiya ce, rashin ƙarar haɗari ne a lungu, yara da awaki ba sa jin ka, hannuna kullum yana kan oda.

Ba zan ɓoye wahalarta ba. Yashi mai zurfi irin na unguwannin bayan gari yana cin batir ƙwarai. Da damina in ruwa ya kwanta a hanya ba na shiga in ya kai tsakiyar ƙafa, gara in zagaya ko in jira, don injin da wayoyin suna ƙasa. Faci na ƙafar baya sai mai haƙuri, saboda akwai wayar inji da ke shiga ta tsakiyar ƙafar, in ya fizge ta an shiga uku, ni nake tsayawa a kansa har ya gama. Makanikan moto na bakin hanya birki da taya kawai za su iya maka, abin da ya shafi lantarki yaron sola nake kai ma. Zuwa Tawa kuwa fiye da kilomita 500 ne ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni, wannan sai bas. Wani ƙanen abokina ɗan kabu-kabu ya zo yana son ya saya na ce masa ya dakata, shi yana yin fiye da kilomita 100 a yini kuma ba zai iya zaman awa 4 yana jiran caji ba. Abin da ya dace da irinsu shi ne wuraren musayar batir, ka ba da wanda ya ƙare a ba ka cikakke cikin minti kaɗan, kamar yadda kamfanin Spiro ke yi a Kwatano da Lome, da Ampersand a Kigali. Ranar da aka samu irin wannan a Yamai, da fano a rufin wurin, ƴan kabu-kabu da masu adaidaita ne za su fi kowa cin riba.

Kula da sola ɗin ba wuya sai dai naci. Lokacin hunturu ƙura tana rufe gilashi har ka ga abin da ake samu ya ragu ƙwarai, babban ɗana ke hawa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya da bokiti da tsumma mai laushi, ba a zuba ruwa kan gilashi mai zafi da rana tsaka, kuma ba a taka shi. Tagar iskar onduler ma tana toshewa da ƙura sai an hure. Faktir ɗin kuran ta sauka sosai, ƙanƙarar uwargida ba ta sake narkewa ba, har mata na unguwa suna kawo mata ajiyar nama da maganin da ke son sanyi.

Ni a ganina ƙasar da ke da irin ranarmu, ga tashar Malbaza mai megawat 7 a jiharmu tun 2018, ga ta Goru Banda, ga madatsar Kandaji da ake ginawa, bai kamata a bar rufin gidaje a bayan lissafi ba. Ina fata ARSE, hukumar da ke sa ido kan harkar makamashi, da NIGELEC su kai ga ba masu gida kontar mai ƙirga shiga da fita cikin sauƙi, da jerin onduler ɗin da aka amince da su, da kuɗin wuta da zai bambanta rana da dare, don mutum ya ga amfanin cika batir da moto da rana tsaka a aljihunsa. Kafin nan, duk mai onduler a gida ya kira wanda ya haɗa masa ya tambaye shi wane saiti aka sa da amfa nawa yake ja daga gari, minti 5 ne aikin.

Abin da nake kai yanzu shi ne shago. Na yi magana da mai gidan da nake haya ya yarda in ɗora fano 2 ko 3 bisa rufi da ƙaramin onduler ba tare da babban batir ba, tunda aikin shago na rana ne, injin fotokofi ya samu, moto ma ta riƙa shan caji a ƙofa da hantsi ba sai na jira komawa gida ba. Sharaɗinsa kawai kada a huda masa kwano, kuma mai walda ya ce zai kafa ƙarafan a jikin bango.